Ranar da na bar yayata tana naƙuda na tafi jarrabawa

Shekarun baya, lokacin ina zaune gun yayata a Stains, can ƙasar Faransa, na taɓa yin wata tafiya da har yau in na tuna ta sai gabana ya ɗan faɗi, daga baya kuma in yi dariya. Da yawa cikinku kun sha tambayata yadda aka yi ƴar Damagaram ta ƙare da aikin shari'a cikin Sifaniyanci. To ga yadda abin ya faru.

Sifaniyancin tun a lise, wato sakandare, na fara shi, can gida. Malaminmu a Kuba ya yi karatu, ya dawo da harshen a bakinsa kamar can aka yanke masa cibiya, ajinsa kuma ba a gyangyaɗi. Da na samu bak, takardar gama sakandare, yayata da mijinta suka nema mini gurbi a jami'a a Saint-Denis, sashen harsuna. Mahaifiyata ta yarda na taho bisa dalili biyu, kuma ba ta ɓoye ba: in yi karatu, in kuma zame wa yayata hannu, don yaranta biyu ne kuma ba ta da kowa nata a ƙasar. Ni dai na san na biyun ya fi nauyi a zuciyarta.

Maganar shari'a ba da ita na zo ba. Matan unguwarmu ne waɗanda Faransancinsu bai nuna ba suka riƙa ɗaukata in raka su perfektir, inda ake takardun zama, ko ofishin gidaje in yi musu tafinta. Ina fassara musu duk abin da aka faɗa, amma mu fito waje ni da su ba wanda ya san abin da za a yi gaba. Wadda ta fi tsaya mini a rai wata baiwar Allah ce ƴar Tawa. Mijinta ya daɗe yana aiki a gonakin Sifaniya, takardunsa na can, ita da yara suna nan, kuma duk ofishin da muka shiga sai a ce wannan ba dokarmu ba ce, ta can ce. Ranar a cikin bis ta dube ni ta ce, tunda ina jin yaren ƙasashen biyu, me ya hana in san dokarsu? Da wasa ta faɗa, amma maganar ta bi ni har gida.

Wata malamarmu ce ta gaya mini akwai wani sashe a Lyon da ake karanta dokar ƙasashen biyu tare, a fara a Faransa a ƙare a Sifaniya. Sai dai ba a shiga sai da jarrabawa, rubutu da baki, dukkansu cikin Sifaniyanci, kuma sau ɗaya ake yi a shekara. Ni kuwa na riga na yi nisa a wani fanni. In na ƙara jinkiri, masu sabunta takardar zama ba za su saurari labarin sake farawa ba. Ko wannan karon, ko in haƙura.

Na yi rajista da ƙarfin gwiwa, don a ajinmu ni ce gwana. Abin da ban lissafa ba shi ne ban taɓa yin hira mai tsawo da ɗan asalin harshen ba. Allah ya kawo mini mafita ta hanyar asansar ɗin gidanmu, na'urar hawa bene, wanda lalacewarsa ta fi aikinsa yawa. Wata rana na tarar da wata tsohuwa Baturiya a kan matakala, ta jingina da bango da ledojin cefane, tana zagin matakalar da mai gidan da gwiwoyinta, duk cikin Sifaniyanci. Na karɓi ledojin na ce mata da yarenta ta sannu. Ta ɗago ta kalle ni tun daga ɗankwali har takalmi, ta tambaye ni ko daga Kuba nake. Na ce daga Zandar, Damagaram ɗinmu ke nan. Ta ce ba ta san wurin ba, amma duk inda yake mutanensa na haɗiye ƙarshen kalma.

Tun tana budurwa ta baro ƙauyensu a Sifaniya, zamanin da su ma suke zuwa Faransa ci-rani. Ta yi aikin ɗinki har idonta ya gaza, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana nesa. Daga ranar kusan kullum bayan la'asar nakan sauka gunta. Ni in karanta mata jarida, ita ta gyara mini baki, ta kuma yi gardama da duk abin da jaridar ta ce. Ba ta fara magana sai da "mira, hija", wato duba nan ƴata, da ɗan yatsa a sama. Yaran yayata suka saba da ita har suna ce mata Kaka. Ta koyi cin ƙuli-ƙuli a jiƙe, don haƙoranta ba sa iyawa a bushe.

A lokacin yayata na da tsohon ciki. Mun duba mun ga jarrabawar za ta wuce da sauran makonni kafin haihuwa, hankalinmu kwance. Sai ga rasuwar mahaifin mijinta, dole ya tafi gida. Ya bar mu mu biyu da yara, da niyyar ya dawo kafin lokaci.

Ranar da zan tafi Lyon, jajibirin jarrabawa ke nan, na gama haɗa jakata bayan azahar, na shiga kicin na tarar da yayata ta dafa teburi da hannu biyu, gumi na tsattsafo mata a goshi. Ta ce ba komai, bayanta ne kawai. Ba a jima ba faya ta fashe.

Na kira taksi, na ruga ƙasa na buga wa tsohuwa ƙofa. Ba ta tambayi komai ba, ta ɗauko sandarta ta hawo, ta ce yaran nata ne har sai abin da Allah ya yi. A likita, wato asibiti, suka duba yayata suka ce da saura, amma tunda ya zo da wuri ba za su sallame ta ba. Na kira wata Hajiya a Clichy-sous-Bois, ƙawar surukar yayata ce tun a gida, ta ce ga ta nan tafe. Sannan na kira mahaifiyata.

Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba. Da ta ji halin da ake ciki ta yi addu'a, ta ce to alhamdulillahi tunda ina wurin. Na yi shiru. Uwa kuwa ta san shirun ɗanta. Ta tambaye ni ko dai har yanzu maganar tafiyar nan na raina.

"Auta," ta ce, "takarda ta fi ƴar'uwarki? Don wannan ranar fa na bar ki kika tafi."

Na riga na ajiye jakar a ƙarƙashin kujera, na gaya wa raina shi ke nan, ba rabo. Yayata ce ta miƙo hannu daga kan gado ta karɓi wayar. Ta bari ciwon ya lafa, sannan ta ce wa Inna haihuwa ta uku ce ba ta fari ba, ga likitoci, ga Hajiya na hanya, ni kuma ko na tsaya ba ni zan yi mata nishin ba. Inna ta yi ta magana, muna jiyo muryarta. Yayata ta ce ta yi haƙuri, ita ce ta aike ni, in da laifi a ɗora mata. Ta kashe wayar ta juyo gare ni.

"Ɗauki jakarki. In kika zauna nan kina kallona da wannan idon, ciwon ƙaruwa zai yi."

Na ce sai Hajiya ta iso. Da ta iso, ta ji labari, ba ta ce in tafi ba, ba ta kuma ce in zauna ba. Ta dai gyara mayafinta ta zauna bakin gado, ta ce Allah ya ba da sa'a. Ban san wa take nufi ba cikinmu.

A jirgin ƙasa ban buɗe littafi ko ɗaya ba. Kuka na yi ta yi a hankali, fuskata na jikin taga, har matar da ke kusa da ni ta miƙo mini hankici ba tare da ta dube ni ba. Duk tashar da na ji jirgin ya rage gudu sai in ce bari in sauka in koma.

A Lyon wata ɗaliba ce ƴar Jos ta sauke ni, ƙawar ƙawata, tana karatun digiri na uku. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma ta tarbe ni a gar, tashar jirgin, kamar ƴar ɗakinsu. Hausarmu ɗaya ce sai inda aro ya shigo. Ina ce mata na manta buros, tana tambayata mene ne shi, ashe su burushi suke cewa. Tana ce mini in sa wayata a caji kusa da fanka, ina neman abin da take nufi. Wannan ne ya fara sa ni murmushi ranar. Ta dafa mini taliya da yaji, ta tsare ni sai da na ci. Labarin da ke zuwa daga Hajiya ɗaya ne: har yanzu dai, a ci gaba da addu'a.

Da safe ma haka. Na shiga zauren jarrabawa ba a haihu ba, aka ce kowa ya kashe waya ya sa a jaka. Ban taɓa jin nauyin danna maɓalli irin na ranar ba. Na duba zauren, yawancinsu yara ne da suka taso da harshen a gida ko suka yi shekaru a Madrid, suna ta hira suna dariya. Mai ɗankwali ni kaɗai ce a layinmu.

Aka raba takarda. Labarin wata shari'a ce tsakanin mai gida da ɗan haya, aka ce mu taƙaita, sannan mu faɗi ra'ayinmu da hujja. Idona ya faɗa kan kalmar "fallo" an jingina ta ga alƙali. Ni a sanina kalmar kuskure take nufi. Na ce madalla, ashe alƙalin kuskure ya yi, kuma so ake mu fito da shi. Na zage na shiga yi wa bawan Allah fata-fata. Na cika shafi guda ina nuna inda ya kauce, har ina jin daɗin kaina. Sai da na koma karanta ƙarshen labarin na ga an ce ɓangarorin biyu sun karɓi "fallo" ɗin, za a zartar da shi. Na tsaya. Wa ke zartar da kuskure? Nan take ta faɗo mini: a bakin masu shari'a, kalmar hukunci take nufi. Alƙali bai yi laifin komai ba, aikinsa kawai ya yi.

Lokaci ya ci fiye da rabi. Na ja dogon layi a kan shafin, na yi bisimilla, na sake farawa. Rubutun kamar tafiyar kaza, amma na kai ƙarshe daidai ana cewa a ajiye alƙalami.

Da hutun rana na kunna waya. Ba saƙo. Na kira Hajiya ba ta ɗauka ba, na sake kira, shiru. Na kira tsohuwa, ta ce yara lafiya, sun ci sun tafi lakkol, wato makaranta, ita ma ba ta ji komai ba. Ta ji muryata ta ce in saurare ta: in na shiga gaban malaman nan in buɗe baki in yi magana kamar yadda nake gardama da ita, kada in tsaya neman kalmomin littafi. Na samu wani lungu a bayan ɗakin karatu na yi sallah, na daɗe a sujada, na kashe wayar na koma.

Malamai biyu ne a jarrabawar baki, wani Bafaranshe mai gilashi da wata dattijuwa ƴar Sifaniya mai furfura, fuskarta ba alamar wasa. Suka ba ni tambaya kan ko ya dace doka ta bambanta ɗan ƙasa da baƙo wajen aiki. Da farko na yi ta in-ina. Sai dattijuwar ta shiga ƙalubalantata, duk abin da na faɗa ta juya shi. Ban san lokacin da na manta inda nake ba. Na ga kaina a kicin ɗin tsohuwa, na ɗaga ɗan yatsa sama, na ce wa farfesa mai jikoki:

"Mira, hija..."

Bafaranshen ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Dattijuwar ta cire gilashin karatunta ta ce rabon da wani ya kira ta ƴarsa tun rasuwar mahaifiyarta, amma in ci gaba, tana son jin abin da zan gaya wa ƴar tawa. Na ba da haƙuri, na ci gaba. Na ba su labarin matar nan ƴar Tawa, ban ƙawata ba. Suka tambaye ni inda na koyi harshen, na ce rabi gun wani malami a Zandar, rabi gun wata tela mai ritaya a Stains. Dattijuwar ta ce ta ji alama, don ina amfani da kalmomin da tun tana yarinya ba ta sake ji ba. Ba ta ce mai kyau ne ko maras kyau ba. Suka ce in tafi, za a ji sakamako.

Ina fita na kunna waya a kan matakala. Saƙon murya ne daga Hajiya. Ta fara da doguwar sallama, ta tambayi gajiyar hanya, ni kuwa ina ji kamar in shiga wayar in jawo maganar. Sannan ta ce an samu mace. Ta ce abin ya ɗan yi tsanani da hantsi, bugun zuciyar jaririyar ya yi ƙasa, dole aka yi tiyata, shi ya sa ba ta ɗauki waya ba. Uwa da ƴa suna lafiya. Na zauna a kan matakalar nan, ɗalibai na ratsa ni, na yi kukan da ban san ko na murna ba ne ko na tsoron abin da ya kusa faruwa ba na nan.

Washegari ina gefen gadon yayata. Ta rame a kwana biyu kamar ta yi wata tana jinya. Tambayar farko da ta yi mini ita ce yaya jarrabawa. Na ba ta labarin alƙalin da na ci wa mutunci da farfesar da na mayar ƴata. Ta riƙe cikinta tana roƙona in yi shiru, ɗinkin zai buɗe.

Mahaifiyata kuwa ta yi fushi na gaske. In na kira ta amsa gaisuwa a taƙaice ta ce in ba yayata. Ban yi gardama ba. Na riƙe jegon nan gaba ɗaya: ruwan zafi, kunun kanwa, wankan jaririya, kai yara lakkol, har aka yi arba'in. Mijin yayata ya dawo kafin suna, ya yi wa tsohuwa godiya har da tsarabar kilishi, wanda ta kasa taunawa ta kuma ƙi bai wa kowa.

Sakamako ya fito ban ci ba, ban kuma faɗi ba. Cikin masu jiran gurbi aka sa ni. Na san shafin nan da na soke ne ya ja mini. Damina ta kusa ƙarewa a gida, ni na riga na fidda rai, sai ga kira daga Lyon wata safiya ina goye da jaririyar ina wanke-wanke. Wani ya janye, in ina so gurbin nawa ne. Na ce ina so da ƙarfin da ya tada yarinyar daga barci.

Da na gaya wa Inna sai ta tambaye ni wa zai riƙa taya yayata. Na ce zan riƙa zuwa duk hutu. Ta ce to. Can ta ce Allah ya sa albarka, ya sa in tsaya wa masu gaskiya. Ba ta taɓa cewa na yi daidai da na tafi ranar ba, ni ma ban taɓa neman ta faɗa ba.

Karatun ya yi wuya, ba zan ɓoye muku ba, amma na gama. Yau ina aiki da wasu lauyoyi kan matsalolin iyalan da rayuwa ta raba tsakanin ƙasashen biyu, kuma yawancin masu shigowa ofishinmu in sun ji na yi musu sannu da Hausa ko na tambayi garinsu, sai ka ga kafaɗarsu ta sauka.

In aka tambaye ni ko da zan sake, zan tafi? Gaskiya ban sani ba. Da abin ya zo da ƙarar kwana, da wani labarin nake ba ku yau, ko ma ba zan iya ba da shi ba. Abin da na sani shi ne ba ƙoƙarina kaɗai ya kai ni zauren nan ba. Mata uku ne suka ɗauki nauyin da yake nawa na yini guda, kuma wadda ta fi kowa buƙatar in tsaya ita ce ta kore ni. Shi ya sa in yarinya ta zo mini tana cewa tana son karatu amma gida ya riƙe ta, ba na ce mata ta yi tawaye. Nakan tambaye ta wa take da shi da zai riƙe mata ƙofa.

Bara babban ɗan yayata ya samu gurbin karatu a wani gari mai nisa. Sai ga shi ya kira ni a ɓoye, wai mamansa ta ce ba inda za shi, ga jami'a nan kusa da gida. Na kira ta, muka gaisa, na ce na ji wani labari. Ta gane inda na dosa tun ban ƙarasa ba.

"Ke ƙanwa ce," ta ce, "wannan kuwa ɗa ne. Ba ɗaya ba ne."

Na ce haka ne, yanzu ta san abin da Inna ta ji. Can sai ta ce in zo ranar Asabar mu je kasuwa, garin nan an ce akwai sanyi, kuma yaron ba shi da bargon kirki.